Me ya sa uwa take miƙo yaro a ɗiga masa a ƙofar gida, amma ba ta kawo shi allura asibiti?

Tambaya: Anti, ni sabuwar ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti da ke gefen Zariya, kuma ni aka ba teburin rigakafi. In an fito ɗigon shan inna gida-gida, yawancin gidaje suna miƙo yaransu, amma ranar allura sai in ga benci wayam. Waɗanda suka zo ta farko ma da yawa ba sa dawowa. Abokan aikina sun ce jahilci ne da addini. Haka ne? In ba haka ba ne, ta ina zan ɓullo wa abin?

Amsa: Ƙanwata, sannu da aiki, Allah ya sa albarka. Ba haka ba ne, kuma ina roƙonki kada ki bar maganar jahilcin nan ta zauna miki a zuciya. Ma'aikaciyar da ta yanke wa mutanenta hukuncin jahilci, a fuskarta ake gani, a muryarta ake ji, kuma matan da ke kan benci sun fi kowa saurin ganewa. Daga ranar ba za su ƙara gaya mata gaskiyar abin da ya hana su zuwa ba.

Abin da kika gani da idonki, masu bincike sun daɗe da lura da shi a ƙasashe masu tasowa. Tun a 1995 wani masanin halayyar al'umma ɗan Amurka, Mark Nichter, ya raba lamarin gida biyu: akwai karɓa, akwai nema. Karɓa ita ce a yi sallama, ga mata biyu da akwatin sanyi, ga wakilin mai unguwa tsaye a waje, a miƙo yaro a ɗiga masa, a shafa masa tawada a ɗan yatsa, a yi rubutu da alli a bango, a wuce. Ba a kashe ko sisi ba, ba a nemi izinin fita ba, girki bai tsaya ba. Wata ma don kunya ta miƙo, ko don kada sunan mijinta ya kai gaban hakimi. Nema kuwa sai uwa ta san cutar da take gudar wa ɗanta, ta riƙe ranar a ka, ta shawo kan maigida, ta samo kuɗin Keke, ta ajiye sana'arta rabin yini, ta zo ta bi layi. Kuma ba sau ɗaya ba: lokacin haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, sannan wata 15 don allurar ƙyanda ta biyu. Fiye da shekara 20 ƙarfin gwamnati da na masu tallafi yana kan bin gida-gida, har mutane da yawa suka ɗauka rigakafi abu ne da yake zuwa ya same ka a ɗaki. Na sha jin uwa ta ce da zuciya ɗaya, "Ai an yi masa, ko wancan satin sun zo," alhali ɗigon shan inna kaɗai yaron ya taɓa sha, babu abin da ya tsare shi daga mashaƙo, tarin shiƙa ko ƙyanda. Wannan uwar ba ta ƙi komai ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya bambance mata ne.

Alƙaluma ma haka suka nuna. A binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa take gudanarwa, yara masu wata 12 zuwa 23 da suka kammala muhimman alluran farko kashi 13 cikin ɗari ne a 2003, kashi 23 a 2008, kashi 25 a 2013, kashi 31 a 2018. A 2018 ɗin, kashi 19 ne ba su taɓa samun komai ba. In kin cire waɗannan da waɗancan, rabin yaran ƙasar nan ne suka rage a tsakiya: an fara an tsaya, ko kuma ɗigon ƙofar gida kawai suka samu. Yankinmu na arewa maso yamma yana ƙasa da wannan matsakaicin, amma fasalin ɗaya ne. Uban da ya yi imani allura za ta cutar da ɗansa ba ya barin a kai shi ta farko. Saboda haka idan aka kawo miki jariri aka yi masa penta ta ɗaya, wato allurar cuta biyar da ake yi sau uku, ta uku ba ki gan shi ba, to wani abu ya faru tsakanin zuwan farko da ranar da ya kamata a dawo. Sau da yawa a ɗakinmu na allura abin ya faru, ko a daren da ya biyo baya.

Fara da kwalba. Ta BCG, allurar tarin fuka, ta yara 20 ce, ta ƙyanda yawanci ta yara 10, kuma da zarar an haɗa su da ruwansu awa 6 kawai gare su, abin da ya rage sai a zubar. Don tsoron a ce ta yi asara, sai ma'aikaciya ta dubi uwa biyu ko uku da suka zo ta ce, "Ba ku cika ba, ku dawo sati mai zuwa." Ki tuna mace ce da ta tako daga ƙauyen da ke hayin Galma da goyo a baya, ta biya kuɗin acaɓa zuwa da komawa, ta sha tambayoyi kafin a bar ta ta fito. In ta koma gida ba a yi ba, da wane baki za ta sake neman izini? Ƙa'idar aiki ta yarda a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya ne, kuma an riga an saka irin wannan asarar cikin lissafin abin da ake turowa. Ki buɗe. Ragowar ruwan kwalba ba shi da daraja kusa da yaron da zai shiga bazara ba tare da allurar ƙyanda ba.

Sai harshe. Uwa ta ɓatar da kati, ko ɓera ya ci, ko ruwan damina ya jiƙa shi, ko ta makara da wata biyu, sai a ɗaga mata murya a gaban mata ashirin. Wata kuma ba ta zuwa ne don ɗanta ya rame, ko ba ta da kayan kirki da za ta saka masa, tana jin nauyin zama kusa da masu sabon shawul. Talauci yana hana zuwa asibiti ta hanyar kunya kamar yadda yake hanawa ta hanyar kuɗin mota, kuma yaran irin waɗannan gidajen ne ƙyanda ta fi kashewa. Wadda ta zo a makare, kalmar farko da za ta ji daga bakinki ta zama "sannu da ƙoƙari". Allurar rigakafi kyauta ce, kati kyauta, sirinji kyauta; duk inda aka fara cewa a kawo ɗari biyu na wani abu, labarin zai zaga unguwa kafin la'asar.

Amma abin da na ga ya fi korar iyaye shi ne zazzaɓin penta. Allurar nan da ta shigo jadawalinmu a 2012 tana tsare yaro daga cuta biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai haddasa sanƙarau da ciwon huhu. Yara da yawa jikinsu yakan yi zafi bayanta, cinya ta ɗan kumbura, su kwana suna rigima. Yini ɗaya ne ko biyu ya wuce. Mu mun san da haka. Maigidan da ya fita da safe ya bar ɗansa yana wasa, ya dawo da daddare ya tarar da shi yana tsala kuka, bai sani ba. Abin da zai ce shi ne, "Kin ɗauki yaro lafiyarsa ƙalau kin kai an sa masa ciwo. Ba za ki ƙara zuwa ba." Kakar yaron tana gefe tana cewa ita ta goyi tara ba ta san wata allura ba. Shi ke nan an rufe maganar, ke kuma kina can kina duba rajista kina cewa ta ƙi dawowa.

Maganin wannan minti ɗaya ne na lokacinki, kafin allura ba bayanta ba. Ki ce mata: jikinsa zai iya yin zafi yau da dare, alama ce jikin yana koyon faɗa da cutar, ki yawaita ba shi nono, ki rage masa kaya, ga yadda za ki ba shi farasitamol daidai nauyinsa, kada ki gasa wurin da ruwan zafi, kuma ki gaya wa babansa tun kafin dare cewa malamar asibiti ta ce haka za a yi. In zafin ya wuce kwana biyu, ko ya yi tsanani, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ki dawo da shi nan take. Zazzaɓin da aka faɗa tun kafin ya zo, ƙara miki daraja yake yi, don sun ga maganarki ta tabbata. Haka BCG: ki faɗa mata bayan 'yan makonni wurin zai yi ƙurji ya fashe ya bar tabo, kada a sa masa komai. Ta ƙyanda kuma nata zafin jikin yakan zo ne bayan kamar mako guda, lokacin da kowa ya manta da allurar. A sati 6 da sati 14 allura uku ake yi wa jariri a zama ɗaya, ban da ɗigo. Zuciyar uwa ba ta ɗaukar wannan da sauƙi. Ki gaya mata amfanin kowace, ki bar ta ta rungume shi ta ba shi nono ana yi.

Duk wannan bayanin mata muke yi wa, alhali izini da kuɗin mota suna hannun maza. Magidanci zai yi 'ya'ya goma bai taɓa jin ma'aikacin lafiya ya yi masa bayanin allura ba. Abin da ya sani daga majalisa ya ji, ko daga wata murya da aka turo masa ta WhatsApp. Ki nemi abokin aiki namiji ko shugaban kwamitin lafiya na mazaɓarku su riƙa zama da maza a zaure da majalisar bayan la'asar, a roƙi liman minti biyar bayan salla. Tun 2009 da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, ƙofar hakimai, dagatai da masu unguwa a buɗe take ga wannan aikin, har a masarautar Zazzau. Sai dai ki yi hattara da yadda za ki yi amfani da su. Mai unguwa ya zo da barazana, karɓa za ki samu ta rana ɗaya da ƙiyayya ta shekara. Mai unguwa ya sanar da ke duk gidan da aka yi haihuwa, ya kai nasa jikan a gani, wannan shi ne taimako.

Al'adunmu ma suna da ƙofofi ga wanda ya lura. Yawancin haihuwa a yankinmu a gida ake yi, ungozoma da wanzami ne suke fara ganin jariri, ba mu ba. Ki yi zumunci da su, ki girmama su, domin allurar ciwon hanta ta farko ta fi amfani cikin awa 24 da haihuwa. Mai jego ba ta cika fita ba sai ta yi arba'in, kuma sati 6 kwana 42 ne. In kin ce wa mace "sati shida" za ta iya mantawa. In kin ce "da kin yi arba'in, kafin ki fara yawon gaishe-gaishe ki fara da mu," ta riƙe. Mai haihuwar fari kuma takan tafi gidan iyayenta wanka, wataƙila a Soba ko Maƙarfi ko Giwa, ta fara allura a can ta dawo ɗakinta ta ɗauka sai inda aka fara ake ci gaba. Ki riƙa faɗa musu katin nan yana aiki a kowane asibitin gwamnati a ƙasar nan.

Akwai masu ƙi na gaske, ba su da yawa kamar yadda ake zato, kuma su ma ba daga sama ƙinsu ya faɗo ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200 a Kano. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye sun ce ba a sanar da su gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da 2003 ta zo aka baza maganar cewa an saka maganin hana haihuwa a ɗigon shan inna, ƙasa a jiƙe take. Kano ta dakatar da aikin har zuwa Yulin 2004, Zamfara da Kaduna ma sun tsaya na wani lokaci, kuma Kano ba ta koma ba sai da aka kawo wanda aka sarrafa a Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan ɗigo tara a Kano, Allah ya jiƙansu.

A nan Zariya wata mai bincike daga Jami'ar Michigan, Elisha Renne, ta yi hira da iyaye a waɗancan shekarun, kuma tambayar da ta riƙa ji ita ce wadda za ki ji har gobe: ɗana yana zazzaɓin cizon sauro na je asibiti an rubuta mini magani in saya, me ya sa wannan kaɗai ake bi na da shi har ɗaki kyauta? Tambaya ce ta mai hankali, kuma kada ki amsa ta da cewa Turawa son mu suke yi. Ki faɗi gaskiya: ƙwayar shan inna a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, don haka ana iya shafe ta daga duniya kamar yadda aka shafe agana a 1980, kuma muddin tana nan a wata ƙasa, 'ya'yan masu ba da kuɗin ma ba su tsira ba. Amfaninsu ne ya haɗu da namu. Magidanci ya fi gamsuwa da wannan amsar, don ya san duniya. Maganar hana haihuwa kuwa lokaci ya amsa ta: yaran da aka ɗiga wa a 2004, yau su ne suke kawo miki nasu jariran.

Wani zai ce ai an sanar shan inna ta ƙare, me ake nema kuma? A ƙasar nan an ga mai ɗauke da asalin ƙwayar na ƙarshe a Borno a 2016, aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita ranar 25 ga Agusta 2020. Amma ɗigon yana ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana. A unguwar da yara da yawa ba su da rigakafi kuma tsaftar bayan gida ta yi ƙaranci, raunanniyar ƙwayar takan yi ta yawo daga yaro zuwa yaro tsawon lokaci har ta sake yin ƙarfi, ta shanye ƙafar wanda ba a yi wa ba. Shi ya sa aka kawo sabon nau'in ɗigo a 2021, kuma shi ya sa allurar shan inna ta teburinki take da muhimmanci. Kada ki ɓoye wannan. Mai ilimin boko a Samaru ko Kongo zai karanta a wayarsa, in ya ga an rufe shi ba zai ƙara yarda da komai ba.

Addini ba zan daɗe a kansa ba, don hujjar a fili take. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, cewa ya yi daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Babu maniyyacin da yake tashi daga Najeriya zuwa Hajji sai an yi masa rigakafin sanƙarau da shawara. Bangaladash ƙasar Musulmi ce matalauciya, kuma mafi yawan yaranta suna kammala allura. A 2017 kuwa a kudu maso gabashin ƙasar nan iyaye suka ruga makarantu suna kwashe 'ya'yansu saboda jita-jitar sojoji suna yi wa yara allurar cuta. Inda aminci tsakanin jama'a da hukuma ya yi rauni, nan jita-jita take kamawa, kowane addini ake bi.

In kina neman ƙofar da za ki shiga zuciyar uwa, ki shiga ta ƙyanda. Shan inna a cikin yara 200 da suka kamu ɗaya take shanyewa, mata da yawa ba su taɓa ganin sabon kamu ba. Baƙon dauro kuwa kowace uwa ta san shi, ta san gidan da ya ɗauke yara biyu a bazara ɗaya, ta san wanda ya makantar. Ki kuma faɗa musu allurar wata 9 tana kama kusan yara 85 cikin 100 ne, shi ya sa ake ta biyu a wata 15. In ba su san haka ba, yaro ɗaya da aka yi wa ya kamu ya isa ya rushe miki aikin shekara. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ya bazu zuwa jihohin maƙwabta ya sa iyaye sun fito da kansu suna neman allura, kuma akasarin yaran da ya kashe ba su kammala rigakafi ba. Irin wannan neman na tsoro ne, yakan lafa in annoba ta lafa, sai in waɗanda suka zo sun tarar da abin da zai sa su dawo.

Wani gwaji da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi a ƙauyuka 134 na jihar Rajastan a Indiya ya nuna mene ne wannan abin. Inda ba a canja komai ba, kashi 6 cikin ɗari na yara ne suka kammala. Inda aka tabbatar ma'aikaci yana zuwa a rana tsayayya kowane wata ba fashi, aka samu kashi 18. Inda aka ƙara da kilo ɗaya na irin wakensu a kowane zuwa da 'yan faranti ranar kammalawa, ya kai kashi 39. Mutumin da kilo ɗaya na wake ya sauya masa shawara ba aƙida ce ta hana shi ba, wahalar zuwan ce. A wasu jihohin yankinmu ma ana ba iyaye mata ɗan kuɗin mota a ranar allura, kuma ban ga aibinsa ba, don yana rage musu asarar yini ne. Abin da nake tsoro shi ne rabon sabulu da biskit a ƙofar gida, wanda ya koya wa wasu unguwanni ciniki da lafiyar 'ya'yansu: ba za mu bayar ba sai an gyara mana rijiyar burtsatse.

Wake da kuɗin mota ba a hannunki suke ba, amma tsayayyar rana tana hannunki. Ranar allura ta zama ranar allura ko ana ruwa, ki duba firji da ma'auninsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, ki ɗauko kayanki tun jajibiri, ki fara da wuri don mata su koma kan girkin rana. Ki rubuta ranar dawowa a kati, ki kuma faɗe ta da baki da ranar kasuwa ko ta wata, ki sa ta maimaita miki. Duk ƙarshen mako ki fitar da sunayen waɗanda ba su dawo ba ki ba masu wayar da kai na unguwa su leƙa su, da tambaya ba da faɗa ba. Yaron da aka kawo don tari ko gudawa mara tsanani, ki nemi katinsa. Ƙaramin ciwo ba ya hana allura, kuma wataƙila ba za ki sake ganinsa ba sai bayan wata shida. Wanda ya tsaya a penta ta ɗaya ya dawo yana da wata goma, ba a sake masa daga farko. Ki ɗora daga inda ya tsaya, ki haɗa masa da ta ƙyanda da shawara da sanƙarau a ranar, ki ba shi sati huɗu ya dawo ta gaba. BCG da ɗigon gudawa ne suke da iyakar shekaru, su sai ki duba jadawalin da ke manne a bangon ɗakinki kafin ki bayar.